Tukwane Bakwai

Tukwane arba'in na jera a ɗakin gilashi,
bayan tsangayar noma ta Can Tho,
inda Mekong ke rabuwa kamar yatsun hannu
kafin ya faɗa teku.
Kowace tukunya da dashen shinkafa.
Kullum safiya ina ba su ruwan gishiri da ma'auni,
don teku ya fara hawo mana gonaki,
muna neman irin da zai sha ɗaci bai mutu ba.

Talatin da uku suka yi kore shar.
Bakwai suka sunkuyar da kai,
ganyensu ya koma launin tsohuwar takarda.

Farfesa Khiem bai ce in yi ƙarya ba,
kar in ɗora masa abin da bai faɗa ba.
Ya dai aza yatsa kan jadawalin, ya ce,
“Waɗannan bakwai suna ɓata hoton.
Ba kusa da taga suke ba? Ƙila zafi ne.”
Ya kurɓi shayi.
Ya tuna min mujallar za ta rufe karɓa ranar Litinin,
tallafin karatuna kuma watan shida zai ƙare.

Uku ne kusa da taga.
Ni na jera su, na sani.

Daren nan ruwa na dukan kwano,
na kai kibiyar kwamfuta kan layuka bakwai,
na danna sau ɗaya.
Ba ƙara, ba jini.
Zanen ya miƙe sambal kamar gora.
Na rubuta a ƙasa: an cire su saboda zafi.
Jimlar ta zauna daram, sai ka ce da ita aka haife ni.
Abin da ya fi ba ni tsoro yanzu,
barci na yi mai daɗi.

Asabar na hau babur zuwa Soc Trang.
Kawu Sau Danh na tsaye a gona, laka har gwiwa,
ya tsoma yatsa a ruwa, ya lasa, ya tofar.
Ya ce, “Tuyen, an ce irinku ba ya jin gishiri.
In ya fito zan sayar da kwalekwale,
in shuka shi kadada biyu.”
Ya yi dariya da giɓinsa.

Ban yi niyyar lissafi ba, kaina ne ya yi.
Na ɗauki bakwai cikin arba'in
na shimfiɗa a kan kadada biyu,
na ga yankin da zai ƙone,
na ga kwalekwalen a hannun wani.

Littafin awona na hannu, mai tabon kofi a bango,
bai san gogewa ba.
Suna nan da tawada shuɗiya, kowace da ranar mutuwarta.
Na mayar da su ɗaya bayan ɗaya.
Zanen ya karkace ya koma yadda yake.

Litinin Farfesa ya daɗe yana kallon takardar.
Ya ce, “Kin san abin da kike yi wa kanki?”
Na ce na sani. Muryata ce ta yi rawa, ba ni ba.
Babbar mujalla ta wuce mu.
Maganar tallafi har yau shiru.

Phuoc, da muke raba teburi,
ya yi mako bai ci abinci da ni ba.
Jiya da yamma ya turo min littafinsa a buɗe,
bai dube ni ba, ya ce, “Duba min shafi na tara.”

Na tuge matattun nan bakwai na wanke saiwarsu a famfo.
Gajeru ne, dukkansu, baƙi a baki.
Ban san dalili ba tukuna.
Na auna, na rubuta.
Na kira kawu na ce ya riƙe kwalekwalensa bana.